Ɗiyar Fari

Dabino ne Inna ta zuba a roba tana wankewa da omo, ɗaya bayan ɗaya, tana murza shi kamar mai wankin safa. Kafin Ramlatou ta leƙo daga madafa, kumfa ya kai wa tsohuwar gwiwar hannu. Dabinon garin Zighan ne mai kyau, wanda ƙanenta Mamane ya sauke jiya daga motarsa, ga shi nan ya tashi aiki. Ramlatou ta janye robar da ƙafa, ta ɗauraye wa uwarta hannu.

"Inna, tashi ki sa kaya. Unguwa za mu."

"Ke, biki ake yi?"

"Gaisuwa ce kawai."

"Ke" shi ne sunan Ramlatou a bakin uwarta tun ranar da ta zo duniya. Ita ce ɗiyar fari, kuma a Mirriya, garin da suka baro a ƙasar Damagaram, mace mai kunya ba ta kama sunan ɗanta na fari ko da wuƙa aka ɗora mata a wuya. In Inna tana cikin fara'a ta ce "ke yarinya". In da baƙi a gidan ta ce "waccan". Mamane kuwa, da yake auta ne, sunansa ya sha kira har ya gundure shi. Da ƙuruciya abin yakan ci wa Ramlatou rai, har takan ɓuya bayan rumbu da gangan, ko uwar za ta gaji da nema ta kira ta. Ba ta taɓa kira ba. Sai dai ta aiko wani ya jawo ta da kunne.

Abin da ya kawo maganar unguwar yau, watan jiya ya faru. Da hantsi, Ramlatou tana can bakin wani gini a nan unguwar Gurda ta garin Sabha tana sayar wa leburori shinkafa da wake, Inna ta zare sakata ta kama hanya. Sai bayan la'asar aka gan ta a bakin titin da ya nufi Samnu, ba takalmi, tana tambayar direbobi ko sun ga rijiya. Wata Balarabiya ce ta tausaya ta kai ta asibiti. A can aka nemi lambar wayar Ramlatou, ita kuma cikin ruɗewa ta bayar. Tun daga ranar take cizon yatsa. Ai kuwa shekaranjiya wayar ta yi ƙara. Wata mace ta ce ita ce Dakta Ilham, daga jami'a, suna bincike kan cutar mantuwa ta tsofaffi, suna so a kawo musu Hajiya.

Mamane yana tsugune a bakin ƙofa da kofin shayi, yana kallon yayarsa tana ɗaura wa Inna kallabi.

"Jami'a!" in ji shi. "Yaya, tun yaushe mutanen jami'a suka san hanyar Gurda? In dai ba katanga suke so a ɗaga musu ba. Ni na faɗa miki, shurɗa ne, 'yan sanda, suka sa farar riga."

"To kar mu je?"

"In ba ki je ba su za su zo. Inna ba ta da iƙama, takardar zama, taki ta mutu tun bara, tawa kuwa kada ma a tayar da zancen. Kin tuna mutumin Tanut ɗin nan da kansa ya taɓu? Lokotoron asibiti ne ya rubuta, aka zo aka ɗauke shi. Wa ya sake jin ɗuriyarsa?"

Babu wanda ya san mutumin Tanut ɗin nan da ido, amma kowa a Gurda ya san labarinsa, kuma a kowane baki asibitin da aka kai shi daban ne. Ramlatou ma ta san haka. Sai dai tsoro ba ya tambayar shaida, kuma ita abu guda take da shi a duniya wanda ba za ta iya rasawa ba, shi ne wannan tsohuwar da ke ƙoƙarin sa takalmin dama a ƙafar hagu.

"Ki je ki nuna musu lafiyarta ƙalau," Mamane ya ce, ya rage murya. "Ba su jin Hausa. Larabcin Inna kuma ya gudu. Ke ce bakinta. Abin da kika ce shi ta ce."

Gaskiya ne, Larabcin ya gudu. Matar da a da take yi wa mai tumatir ciniki har ya haɗa ta da Allah, yanzu ko gaisuwa ba ta iya mayarwa. Harshen da ta koya da girma shi ya fara barin ta, ya bar mata Hausar da ta tsotsa.

Ɗakin da aka shigar da su a jami'a sanyi gare shi kamar cikin randa. Ramlatou ta zata likita ɗaya za ta tarar. Sai ta ga mutum huɗu. Wace irin rashin lafiya ce take bukatar mutum huɗu, ɗaya ce kawai da farar riga?

Dakta Ilham, doguwa mai tabarau, ta yi musu maraba ta gabatar da sauran. Ta ce cutar nan ba kan mutum ɗaya take ci ba, gida take ci gaba ɗaya, shi ya sa suka haɗu daga sassa daban. Ga Ustaz Omar, malamin ilimin kuɗi, yana so ya san yadda jinya take karya sana'ar iyali. Ga Injiniya Mu'ammar, shi da ɗalibansa suna ƙera wata na'ura. Ga kuma Ustaza Asma, malamar adabi, tana tattara waƙoƙi da tatsuniyoyin tsofaffi, don an lura su ne suke daɗewa a kai bayan komai ya zube. Wanda ya shiga binciken, za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, a riƙa duba shi, a ba shi magani, duk kyauta.

Kalmar "kyauta" ce ta ƙara tsorata Ramlatou. Shekarunta a Sabha sun koya mata cewa ko ruwan sha aka miƙo wa baƙo kyauta, gara ya duba ƙasan kofin.

Ustaz Omar ne ya fara. Mutum ne mai sanyin murya, irin sanyin da Ramlatou ba ta yarda da shi. Wace sana'a take yi? Wa yake zama da Hajiya in ta fita? Ta taɓa rufe sana'a saboda jinya? Akwai waɗanda suke jiran aike daga gare ta a gida? Ramlatou ta ce a ranta, ashe nan aka nufa. Yau a tambaye ka sana'a, gobe a zo a kife maka tukunya.

"Ban taɓa rufewa ba," ta ce da Larabcinta na kasuwa. "Ba mai jira. Hajiya ita ke ma taya ni tsince wake."

Rabin watan nan tukunyarta a kife take, kuma wata mata 'yar Maraɗi ta riga ta kafa tebur a wurinta. Ustaz Omar ya gyaɗa kai ya rubuta.

Sai injiniyan ya matso da fara'arsa, ya ajiye wata baƙar munduwa ta roba a kan tebur, yana kallonta kamar ɗan da ya haifa. Ya ce ɗalibansa sun gaji da ƙera abubuwan da ake ba su maki a jefa a kwali, shi ya sa bana ya ce su ƙera abin da mutum mai rai zai sa a jikinsa. In tsoho ya sa ta a hannu, duk inda ya shiga a garin nan wayar 'yarsa za ta nuna. Ya buɗe wayarsa ya nuna mata wani ɗigo shuɗi yana numfashi a kan taswira.

Ramlatou ta ƙura wa ɗigon ido. Ta tuna ranar nan, tana gudu daga lungu zuwa lungu da ludayi a hannu, ba ta ma san ta fito da shi ba. Wani abu ya motsa a ƙirjinta, ta danne shi.

"Wayata kaɗai za ta nuna?"

"Taki, da ta ɗakin aikinmu."

"To."

Ta ja kujerar Inna baya kaɗan daga teburin.

Ita malamar adabin ba ta tambayi komai ba. Tana can kusurwa, baƙa ce siririya, ta haɗa hannu a cinya. Ba ta kallon Inna. Bakin Ramlatou take kallo. Duk cikin su huɗun ita ce Ramlatou ta fi tsana, don mai yawan tambaya ka san abin da yake nema, mai shiru kuwa sai Allah.

Mazan suka fita, Dakta Ilham ta jawo kujera gaban Inna. Ta ce 'yan tambayoyi ne masu sauƙi, Ramlatou ta fassara kawai, kada ta taimaka.

"Tambaye ta, wane lokaci ne na shekara yanzu?"

Ramlatou ta tambaya.

"Damina mana," in ji Inna. "Ba ki ga gero ya yi kai ba? Ki gaya wa ubanki tsuntsaye sun fara sauka."

Uban ya rasu tun kafin su baro gida. Ramlatou ta juya ga likitar. "Ta ce lokacin zafi ne, dabino ya fara nuna."

"Bahi," in ji likitar, wato da kyau. "Me ta ci da safe?"

"Ban ci komai ba," Inna ta ce. "Mutanen gidan nan ba su ba mutum abinci."

"Ta ce koko da burodi."

Haka aka yi ta yi. Likitar ta nuna wa Inna cokali da makulli da mataji, ta rufe su da ƙyalle, ta ɗan ja ta da wata hira, sannan ta ce ta faɗi abin da ke ƙasa. Inna ta ce ƙwai ne, a bar kazar ta kwanta a kai. Ramlatou ta ce cokali, makulli, na ukun ya ɗan shige mata. Da gangan ta bar na ukun, don ƙarya ma tana son a rage mata gishiri. Abin da ya ba ta mamaki shi ne yadda bakinta ya saba nan da nan. Har wani daɗi ta fara ji, irin na wanda ya wuce shingen bincike da kaya a ƙarƙashin kujera. Sau ɗaya ta saci kallon kusurwa. Malamar adabin tana nan yadda take.

Sai Dakta Ilham ta ajiye biro. Ta kama hannun Inna, ta nuna Ramlatou da yatsa, ta yi tambayar da ba ta bukatar tafinta.

"Hajiya, wannan fa? Sunanta?"

Duk shirin da Ramlatou suka yi da Mamane, babu wanda ya tuna da wannan. Inna ba za ta faɗa ba. Za ta sunkuyar da kai ta ja bakin gyale, likitar kuma ta rubuta cewa tsohuwa ta manta sunan 'yar cikinta. Wace shaida ce ta fi wannan? Ta buɗe baki da sauri.

"Dakta, a wurinmu..."

Likitar ta ɗaga mata hannu. "Bar ta."

Inna ta juyo. Ta dubi Ramlatou sama da ƙasa, ido cikin ido, ba sunkuyar da kai, ba jan gyale. Fuskarta ta washe kamar yarinyar da aka tambaya abin da ta sani.

"Ramlatou ce," ta ce. "Ramlatou. Ni na haife ta."

"Ma sha Allah!" in ji likitar, ta ɗauki biro ta yi alama.

Ramlatou ba ta ji sauran ba. Sunan ya shiga kunnenta da wata murya da ba ta taɓa jin sa da ita ba, an ja ƙarshensa a hankali, yadda mutanen Mirriya suke yi. Shekara arba'in da ɗoriya tana jiran wannan. Ga shi ya zo, a ɗakin baƙi, gaban Larabawa, daga bakin matar da ta wanke dabino da omo. Wankin dabinon bai tsorata ta haka ba, ko ɓatan da aka yi a hanyar Samnu. Waɗannan duk ta ce tsufa ne, zafi ne, gajiya ce. Amma Innar da ta sani, ko a mafarki ba za ta yi abin da aka yi yanzu ba. Baƙin ciki ya taso mata tun daga cibiya, ta dafe gefen kujera don kada ya fito.

Dakta Ilham tana ta bayani da fara'a. Ta ce alhamdu lillahi, ga dukkan alamu tsufa ne kawai, wataƙila ranar nan zafin rana ne ya juya mata kai. Hajiya ba ta cikin waɗanda suke nema. Ba sai an ɗauki hoto ba, munduwar ma za a ba wanda ya fi bukata, don kaɗan ɗaliban suka ƙera. A riƙa ba ta ruwa da yawa. Ba za su sake damun su da waya ba.

Abin da Ramlatou ta zo nema ke nan, an ba ta a hannu. Ta yi godiya, ta gyara wa Inna gyale, suka fito.

A waje rana ta take. Suka tsaya ƙarƙashin wata bishiya Ramlatou tana laluben waya a jaka, don ta kira Mamane ta ce masa an gama, an rabu lafiya. Ba ta kai ga danna lambar ba.

"Sannu, 'yar'uwa."

Da Hausa aka yi maganar. Ramlatou ta waiwaya a firgice. Malamar adabin ce tsaye bayanta, da jaka a kafaɗa. Ashe duk abin nan a kunnenta aka yi, gero da tsuntsaye da ƙwan kaza. Ramlatou ta shiga tsakanin matar da Inna ba tare da ta sani ba.

"Kina jin Hausa."

"Kaɗan kaɗan. Kaka nawa, uwar baba, mutumin Agadas ne." Hausarta a karye take, irin ta 'yan kasuwa, namiji da mace duk ɗaya. "Shi ya goya ni."

"Shi ya sa suka zaunar da ke a can. Ki ji ki kai musu."

"Ni waƙa na zo ji. Ilham bai tambaye ni ba, ni ban faɗa ba."

"Don me?"

"Ba uwa nawa ba ne."

Ramlatou ta dube ta da kyau, tana neman inda tarkon yake. Fuskar matar ba ta nuna komai ba. Mai yiwuwa gaskiya take faɗi. Mai yiwuwa kuma haka aka koya musu, ɗaya ta sallame ka, ɗaya ta biyo ka da harshen uwarka. Wa zai iya sani? A garin nan ta ga mai kirki da ya cuce ta, ta kuma ga mugun da ya yi mata rana.

"In aka rubuta tana da cutar," ta ce, "wa zai gani?"

"Mu huɗu. Ba a sa suna, lamba ake sa."

"Shurɗa fa?"

"Ba mu ba su. Ba su taɓa tambaya ba." Asma ta ƙara da cewa, "Gobe, ban sani ba. Ba zan rantse miki kan gobe ba."

Da ta rantse, da Ramlatou ta kama hannun uwarta sun wuce. Rashin rantsuwar ne ya tsayar da ita.

Asma ta dubi Inna, wadda ta tsuguna tana tsintar busassun ganye tana tarawa a gefen zane. Sannan ta yi magana ƙasa ƙasa.

"Ke ne na fari, ko?"

Asma ba ta jira amsa ba.

"Baba nawa shi ne na fari. Kaka bai taɓa faɗi sunan shi ba. Sai shekara na ƙarshe. Kullum yana kira, yana kira, da safe, da rana. Baba ya shiga mota ya rufe gilas ya yi kuka." Ta gyara jakar kafaɗarta. "Wata rana kaka ya fita. Mun samu shi, amma ba da wuri ba."

Ba ta ƙara komai a kai ba, ba ta kuma ce a koma ciki ba. Ta ce dai Ilham tana nan har azahar, ta juya za ta tafi.

Wayar da ke hannun Ramlatou ta hau ruri. Mamane ne. Ta san abin da zai tambaya, ta san kuma zai ce ta yi ƙoƙari, Allah ya rufa asiri. Gobe sai ta koma bakin gini ta ƙwaci wurinta daga hannun 'yar Maraɗi, ta bar Inna a gida ita da sakata. Ta bar wayar tana ta yi har ta gaji.

Da ta ɗago, babu kowa a gindin bishiyar sai tarin ganye. Inna ta riga ta yi nisa, ta nufi babbar ƙofa inda motoci suke wucewa a guje, tana tafiya da sauri irin na mai sanin inda za shi. A tsakiyar fili ta tsaya, ta ɗaga kai ta dubi sama, wadda ko gajimare ɗaya babu a cikinta. Ta juyo ta ɗaga murya, ɗalibai suna waiwaye.

"Ramlatou! Ramlatou, yi sauri, hadari ya taso, ga shanya a waje!"

"Na'am, Inna," in ji Ramlatou. Ba ta taɓa amsa wannan kiran ba. "Na'am. Ga ni nan."

Ta ruga ta kamo ta. Wuyan hannun ba nama, yatsu biyu sun zagaye shi har da saura. Ta daɗe tana riƙe da shi, ƙofar fita tana gabanta, ɗakin sanyin yana bayanta. Malamar adabin ta kai bakin matakala.

"Malama!"

Asma ta tsaya.

"Munduwar nan taku," Ramlatou ta ce, ba ta saki fuska ba, "in za ta yi alwala, sai an cire, ko ruwa ba ya ɓata ta?"